Zuwa ga Edita: Masu gasar harbi, a daina tseren rage ƙarfin sifirin ɗin hama

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu, kuma tun yanzu ina ba da haƙuri don maganar tawa za ta ɗan ja, sannan ba irin wadda aka saba gani a shafin wasanni ba ce. Magana ce a kan wasan harbi da ƙaramar bindiga, gasar da ake yi a filin harbi mai rajista, kowa da lasisinsa, alƙali na tsaye a bayanka riƙe da taima, ba wani abu daban ba.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan wata shawara ce da ta zama kamar waƙa a bakin 'yan wasa, duk sabon shigan da ya mallaki bindigar gasa, kafin ma ya ƙarar da kwalin harsashinsa na farko sai ka ji an ce masa ai cire sifirin ɗin hamar nan, 'yar gudumar da ke bayan bindiga, ka sa mara ƙarfi kunama za ta yi laushi, shi kuma bawan Allah sai ya je ya nemo mafi ƙanƙantar lambar da ya gani ya ɗaura, yana murna. Ni dai ban yarda da wannan tsari ba sam. Ba lamba ce ke zaɓa maka sifirin ba, harsashin da za ka harba ranar gasa shi ke zaɓa, musamman firaimar da ke gindinsa, wato ɗan ƙoƙon da ke kunna masa wuta, sannan sauran kayan cikin bindigar su sa baki.

Bari in fara raba wata gardama, don da yawa suna haɗa sifirin biyu su mai da su ɗaya. Akwai dogon nan da ke kwance ƙarƙashin bututu, shi ne mai mayar da silaid, wato saman bindigar mai ja da baya, gaba bayan harbi ya ɗebo sabon harsashi daga magazin, wannan na silaid kenan. Wanda nake magana a kai shi ne na hama, yana ɓoye cikin ƙota ta baya inda tafin hannunka ke kwanciya. A bindiga ƙirar 1911 ta John Browning, wadda sojan Amurka suka karɓa a shekarar 1911, yana zaune ne cikin wani ɗan gida a ƙasan bayan ƙota da 'yar hula a kansa, sai wata siririyar sanda ta sauko daga jikin hama ta hau kan hular. Ka ja hama baya sandar ta danne sifirin, ka ja kunama mariƙi, ɗan ƙarfen da ke riƙe hama a ɗane, ya sake ta, sifirin ya cilla ta gaba ta daki allura, allura ta soki firaima, shikenan wuta ta tashi. CZ 75 da 'ya'yanta irin su Shadow 2, da Tanfoglio, da Beretta 92 duk kusan haka ne, sai dai a nasu sifirin ɗin a jikin sandar yake zagaye. Masu Glock da makamantanta ba su da hama gaba ɗaya, nasu sifirin ɗin allura yake turawa kai tsaye, amma rabin abin da zan faɗa su ma ya shafe su.

Toh sifirin ɗin nan aiki uku yake yi lokaci guda. Shi ke ba hama ƙarfin tayar da firaima, shi ke da hannu a nauyin kunama, kuma shi ne farkon abin da ke tare silaid in ya taso baya bayan harbi. Mutane na biyun kawai suke kallo saboda shi yatsa ke ji tun a ɗaki, na farko sai ranar da ya ba su kunya suke tunawa da shi, na ukun kuwa wasu har su bar wasan ba su san da shi ba.

Da laba ake auna ƙarfinsa, laba ɗaya giram 454 ce, ta kusa rabin kilo. Asalin na 1911 laba 23 ne, 'yan gasa sukan sauko 19, 18 ko 17, masu ƙarfin hali har 15. CZ 75 ta asali wajen 20 take zuwa da shi, masu gyara irin su Cajun Gun Works suna yin na 13 da na 11.5. Beretta 92 ita ma 20, mutane su sa mata na ƙirar D mai laba 16. Amma fa kar lambar ta ruɗe ka, kowane kamfani da irin tsayin da yake matse sifirin kafin ya karanta sikeli, sai ka ga 17 ɗin wannan ya fi 17 ɗin wancan tauri a hannu, kuma 13 a cikin CZ ba shi da wata alaƙa da 13 a cikin 1911 domin nisan sanda da inda hama ke juyawa daban ne, nauyin hamar ma daban. Lambar tana da amfani ne kawai in kana kwatanta sifirin biyu na kamfani ɗaya a bindiga ɗaya.

Masu 1911 da 'yar uwarta 2011 su nake fi jin tausayi a tseren nan don su ne suka fi yin asara a banza. Bindigarsu singul akshin ce, hama na ɗane tun kafin a taɓa kunama, aikin yatsa kawai ya zame mariƙi daga ƙugiyoyin hama. Nauyin da kake ji yawancinsa daga wani faifan sifirin mai yatsu uku da ke tura mariƙi da kunama yake fitowa, da kuma kusurwa da sulɓin inda mariƙi ya haɗu da ƙugiya. Sifirin ɗin hama yana ƙara matsi a wurin, gaskiya ne, amma in ka sauko daga 23 zuwa 17 ribar da za ka gani a ma'aunin kunama da ƙyar ta kai rabin laba, sau da yawa ma ba ta kai ba. Maƙerin da ya san aikinsa zai ba ka kunama mai laba biyu da rabi tsaf, mai karyewa kamar yadda ake so, da sifirin 19 a ciki, wani ma da 23 ɗin. In kunamar 1911 ɗinka tana da nauyi ko tana ja da ƙaiƙayi, matsalar na wurin mariƙi, sauya sifirin ɓoye ta kawai zai yi. Ga kuma wani abu, hama mai raunin sifirin ta fi jinkirin isa ga allura, bambancin ɗan mitsitsi ne ƙwarai, mai harbin gudu ba zai ji ba, amma masu harbin tsanaki da hannu ɗaya a nesa suna lissafa shi domin a ɗan lokacin nan hancin bindiga na iya gocewa.

Masu dabul akshin kam suna da hujja, ba zan danne ta ba. A wurinsu yatsa ne ke ɗana hama a harbin farko, wato kai da sifirin ɗin kuke kokawa kai tsaye, duk labar da ka rage za ka ji ta. A rukunin Production na IPSC, ƙungiyar wannan wasa ta duniya, da hama a kwance ake farawa, mai Shadow 2 da hannunsa zai kwantar da ita a hankali tunda ba ta da maɓallin saukarwa, sannan in taima ta yi ƙara ya zaro ya ja doguwar kunama. Sauka daga 20 zuwa 13 a irin wannan bindiga canji ne babba, ba wanda zai musa. Inda nake jayayya shi ne daga 13 zuwa ƙasa. Harbin dabul akshin fa guda ɗaya ne tak a kowane sitej, wato zangon gasa, sauran duk singul ne. Kuma doka ta sa iyaka, a Production ɗin IPSC harbin farko na dabul akshin ba ya yin ƙasa da kilo 2.27, wato laba 5, sai dai in kowane harbi ya kai kilo 1.36, in kunamarka ta kasa ɗaga nauyin gwaji a teburin duba kaya sai a cilla ka rukunin Open ka je ka kara da masu madubin saiti mai jan ɗigo da kwamfenseta mai rage tsallen bindiga. USPSA ta Amurka ba ta sa wannan iyaka a nata Production ba, masu ISSF, ƙungiyar harbi irin na Olamfik, kuwa giram 1000 ne a bindigar mita 25, giram 500 a ta iska, don haka kowa ya buɗe littafin dokar ƙungiyarsa na bana kafin ya taɓa komai.

Yanzu mu yi lissafi Malam Edita, don a nan maganar take. Tun da aka kafa IPSC a 1976 wasan a kan haɗa saiti da ƙarfi da sauri yake, kuma yadda ake ƙirga maki shi ne a raba makin da ka ci da sakan ɗin da ka ɓata. Ɗauki dogon sitej mai harsashi 32, kowane harbin tsakiya maki 5, jimla 160. Ka gama a sakan 20, sakamakonka 8 kenan. Toh a ce a tsakiyar gudu ka ja kunama ka ji ƙyas maimakon ƙara, kafin ƙwaƙwalwarka ta gane me ya faru, ka buga gindin magazin, ka ja silaid harsashin ya faɗi ƙasa, ka sake nemo saiti, sakan biyu sun tafi cikin sauƙi. 160 a raba da 22 ya zama 7.27, in wanda ya zo na ɗaya 8 ya yi to ka zubar da maki kusan 15 a wuri ɗaya, ba a ma yi maganar harsashin da ka rasa a magazin wanda zai iya ɓata maka shirin canji ba. Ita kuma kunamar mai laushin me ta ba ka? Mu yi mata adalci har da ƙari mu ce kashi ɗaya cikin goma na sakan a harbin farko, 160 a raba da 19.9 ya zama 8.04, bai kai maki ɗaya ba. Kaga sai ka yi sitej kusan ashirin lafiya lau kafin ka biya bashin ƙyas guda ɗaya. Garin neman gira kenan a rasa ido.

Firaima ɗan ƙoƙon ƙarfe ne da maganin tashi a cikinsa, sai wani ɗan ƙarfe mai ƙafafu a ƙarƙashin maganin, allura ta lotsa ƙoƙon ta murƙushe maganin a kan ɗan ƙarfen nan da sauri, in bugun ya zo a sanyaye ƙoƙon zai lotse amma ba abin da zai tashi. Kuma taurin ƙoƙon ba ɗaya ba ne. Sanannen abu ne a wurin masu ɗura harsashi da kansu cewa na kamfanin Federal ya fi saurin tashi, Winchester na tsakiya, CCI ya fi su tauri, harsashin da aka yi don soja kuwa da gangan ake taurara firaimarsa. Masu Open da ke ɗura harsashi mai matsi sosai da yawa firaimar ƙaramar raifil suke sawa don ta jure, ita kuma ƙoƙonta ya fi kauri, kaga mai irin wannan ba shi da hurumin wasa da sifirin 15. Wanda ka ji yana alfahari cewa shi sifirin ɗinsa kaza ne kuma bai taɓa samun matsala ba, tambaye shi wace firaima, za ka tarar Federal ce zalla, kuma shi ke dasa ta da hannunsa. Bindigarsa ta zama mai cin abinci kala ɗaya, ranar da Federal ta yi wuyar samu, ko ya tafi gasa wata ƙasa ta jirgi inda kilo 5 na harsashi kawai ake bari ya ɗauka, dole ya sayi na masu shirya gasar, ranar zai san abin da ya yi wa kansa. Sabon shiga mai sayen harsashin kwali duk wanda ya samu, shi ai bai ma kamata ya shiga wannan layi ba.

Kuma ba kowane ƙyas ba ne laifin sifirin, wannan ma a lura. In firaima ba ta zauna har ƙasan raminta ba, bugun farko dasa ta kawai zai ƙarasa yi, na biyu ne zai tayar. Ana so ta ɗan nutse ƙasa da fuskar kwanso, kamar inci 0.003 zuwa 0.005, in ka shafa yatsa a gindin harsashin ka ji ɗan kwari ba tudu ba. Ɗauki harsashin da ya ƙi tashi ka juya gindinsa a haske, in lotsawar 'yar ƙarama ce mara zurfi kuma firaimar ta riga ta zauna daidai to bugu ne ya yi rauni, in lotsawar ta yi zurfi sosai kuma an sake bugawa ya ƙi to firaimar ce matacciya, in kuma ta kauce gefe sosai to a duba allura da yadda bututu ke kullewa. Kar dai ka kwatanta shi da kwanson da ya tashi ka yanke hukunci, shi wancan matsin wuta ne ya turo firaimar baya ta rungumi bakin allura shi ya sa raminsa ya fi kyau. Sannan dan Allah a bambance ƙyas da ɗan fus, in ka ji ƙaramar ƙara mara ƙarfi kuma silaid bai motsa daidai ba, tsaya cak, mai yiwuwa harsashi ya maƙale a bututu, wanda ya ja silaid ya ƙara wani a kai bindigar na iya fashewa a hannunsa.

Sai aiki na uku, wanda ni ya fi ba ni sha'awa. Da zarar harsashi ya tashi silaid ya fara ja baya, abin da ya fara cin karo da shi hama ce a kwance a bayansa, dole ya ture ta ya ɗana ta, kuma ture ta na nufin danne sifirin ɗinta. A daidai wannan lokacin sifirin ɗin silaid bai matsu sosai ba, don haka na hama ne ke ɗauke kaso mai kyau na tokarin farko. A 1911 wurin da ke tura hamar shi ne ƙasan ɗan farantin da ke tare allura ta baya. Yadda Browning ya zana shi lanƙwasar ƙasansa 'yar ƙarama ce, 5/64 na inci, daga baya a zamanin yaƙin duniya na ɗaya aka faɗaɗa ta zuwa 7/32 don soja su ji sauƙin jan silaid da hannu. Ƙaramar lanƙwasa tana taɓa hama can ƙasa kusa da inda take juyawa, kaga turawar ta fi wuya, silaid ya rage gudu tun daga tushe, shi ya sa har yau masu gyara ke sayen faranti mai miƙaƙƙen gindi su yi masa 'yar lanƙwasa da kansu.

Toh kai da ka rage na hama sosai, silaid ya samu hanya, ya taho a guje ya daki jikin bindiga, kwanso na tashi can nesa, jan ɗigo ko saitin gaba na tsalle, sai a ce maka ƙara ƙarfin na silaid. Ka ƙara, yanzu kuma silaid na komawa gaba da ƙarfi yana dankwafar da hancin bindiga ƙasa, harbi na biyu na sauka ƙasan na farko. Kamar mai mota ne ya sassauta birki sannan ya je yana ƙara wa bamba kauri. Ni a ganina gara akasin haka, a bar na hama da ɗan ƙarfinsa a sassauta na silaid, bindiga ta dawo saiti a natse. Asalin na silaid a 1911 mai .45 laba 16 ne, masu 9mm na gasa sukan zauna tsakanin 9 da 12. Amma akwai inda rage na hama ke da dalili na gaskiya, in harsashinka mai sanyi ne. Ana auna ƙarfin harsashi da nauyinsa a giren sau gudunsa a ƙafa cikin sakan a raba da dubu, giren 124 mai gudun 1050 ya ba da 130, a gasa ƙaramin mataki daga 125 yake farawa, babba kuwa 170 ne a rukunin Standard na IPSC, 160 a Open, 165 a USPSA. Mai harba 130 da silaid mai nauyi da sifirin 23 zai iya ganin kwanso na zubowa a kan takalminsa, ko ya maƙale a tagar fitarsa, ko silaid ya ƙi tsayawa a baya in magazin ya ƙare, wannan kam ya sauko 19 ko 17 ba laifi. Kaga dalilinsa motsin silaid ne, ba kwaɗayin kunama ba.

Kafin ma a kai ga sayen sifirin, ina ma mutane za su fara da neman inda ƙarfin ke zubewa. Cire katakon ƙota ka kalli sandar hama, sau da yawa za ka ga wani layi mai ƙyalli a gefenta inda take gugar wani abu, a 1911 takan goga da faifan nan mai yatsu uku. Leƙa ramin da sifirin ke zama, in akwai kaushin inji a bangonsa to duk matsawa sai ya ci wani abu. Gefen hama ma duba shi, in fenti ya goge a gefe ɗaya to tana shafar jiki. Ramin allura kuwa shi ne maɓoyar datti, mai da toka da ɓurɓushin tagulla su haɗu su zama kamar kwalli, ga sanyi in ya zo man ya daskare, bindigar da ta yi lafiya da rana tsaka sai ta ƙi tashi da sassafe. A wanke ramin nan a bar shi a bushe. Goge waɗannan wurare su yi sulɓi yana rage nauyin dabul akshin kuma yana ƙara wa bugu ƙarfi a lokaci guda, abin da sauya sifirin ba zai taɓa ba ka ba, shi kullum ɗaya yake ba ka ya karɓe ɗaya. Amma fuskar mariƙi da ƙugiyoyin hama, wannan a bar wa maƙeri mai kayan auna kusurwa, kuskure kaɗan a wurin hama ta fara bin silaid, bindiga ta tashi ba a ja kunama ba.

Masu yanke zagaye biyu ko uku da filaya kuma, haba. Sifirin in ka gajarta shi taurinsa a kowane inci ƙaruwa yake yi, abin da ya ragu shi ne matsin da yake da shi tun yana zaune, wato ka raunana ƙarshen tafiyar hama daidai inda take dukan allura, kuma ba ka san lamba nawa ka koma ba balle ka maimaita. Haka masu rifolba ta Smith & Wesson da ke sassauta sukurun nan na gaban ƙota don kunama ta yi laushi, sukurun da ba a ɗaure tam ba da kansa zai ci gaba da warwarewa.

Wata dabarar da ake haɗawa da raunin sifirin ita ce doguwar allura da sassauƙan sifirin ɗin allura, tana aiki ba ƙarya, da ita ne masu CZ ke samun 11.5 ya tayar da firaima mai ɗan tauri. Sai dai a san me aka saya. Bindigogin gasa da yawa ba su da sakatar da ke kulle allura, Shadow ba ta da ita, 1911 ma sai irin Series 80 da Colt ta fito da shi a 1983 da masu kama da shi. In babu sakata, abin da ke hana allura taɓa firaima in bindiga ta faɗi shi ne gajartarta da ƙarfin ɗan sifirin ɗinta, kai kuma ka tsawaita ɗaya ka raunana ɗaya. Wanda zai yi wannan ya kai wa maƙeri ya auna masa, ya tabbatar in hama na kwance bakin allura bai leƙo ba. Bindigar aiki ko ta tsaro kuwa ba ta cikin wannan zance kwata kwata, a bar ta yadda kamfani ya yi ta.

Yadda nake ganin ya dace a yi abin ba wuya, haƙuri kawai yake so. Fara da tsayar da harsashin da za ka riƙa gasa da shi, sannan ka nemo mafi taurin firaimar da wata rana dole za ta iya sa ka harba. Wanke bindiga, gyara wuraren guga, auna kunama da ma'auni sau da dama ka rubuta. Sayi sifirin uku ko huɗu na kamfani ɗaya, fara daga mai ƙarfi kana saukowa, abu ɗaya kake canzawa a lokaci guda, in ka canza na hama da na silaid da allura rana ɗaya ba za ka taɓa sanin wanne ya yi me ba. Wajen canzawa cire magazin, leƙa ɗakin harsashi da ido da yatsa, harsashi ya kasance a wani ɗaki daban, sa tabarau don 'yar hular nan in ta kuɓuce ido take nema, kuma a 1911 kwantar da hama kafin ka fitar da fil ɗin gidan sifirin. Akwai gwajin fensir, bindiga ba komai a ciki, ka zura fensir ta baki robar gogewa na ƙasa, ka ɗaga sama ka ja kunama ka ga iya inda ya yi tsalle, yana nuna maka bambanci tsakanin sifirin biyu amma ba ya ce maka firaima za ta tashi, wannan sai a fili.

A filin kuma kar ka gwada da singul akshin kaɗai in bindigarka dabul ce, a dabul akshin hama ba ta kai can baya kafin ta kuɓuce, bugunta ya fi rauni, don haka kwantar da hama ka harba, ka sake kwantarwa ka harba, da yawa. Gwada da bindiga mai datti bayan ɗaruruwan harsashi ba wadda aka wanke yanzu ba, gwada da sanyin safiya. In ka kai lambar da ta fara ba ka ƙyas ko sau ɗaya, wadda ke samanta ita ce bakin rami, ba ita za ka zauna a kai ba, ƙara hawa mataki ɗaya domin sifirin na gajiya da aiki, abin da ya tsaya a bakin rami yau bayan wata shida ya faɗa. Bayan kowane canji gwada sefti, gwada rabin ɗana, tabbatar hama ba ta bin silaid. Ajiye sabo guda mai ƙarfi a jakar gasa, kuma in kakar wasa ta zagayo ka jera tsohon da sabo a tebur, in tsohon ya gajarta a sauya shi.

In aka matsa min in faɗi lamba, mai 1911 ko 2011 da ke harba harsashin kwali ya zauna a 19, in 9mm mai sanyi ne kuma ya gwada ya gani 17, mai CZ ya zauna a 13 sai in shi ke ɗura harsashinsa kuma ya san firaimarsa. Na san akwai maƙera da tsofaffin 'yan wasa masu karanta jaridar nan da za su ce na cika tsoro, Malam Edita in sun rubuto dan Allah a buga, amma su faɗa mana wace firaima suke sawa, wace allura ce a ciki, kuma harsashi nawa suke harbawa kafin su wanke bindigar.

Na gode da filin da aka ba ni.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum